Furen Albasar Kwaɗi a Fadamar Madadi

Daren Laraba, farkon damina.

Ruwan shekaranjiya ya fito da furen albasar kwaɗi a fadama, fari tas, malam-buɗe-littafi na ta sauka a kai. Saura hoto ɗaya a fim ɗina, kuma da na matso sai su watse. Sai ga Malam Sule, limaminmu. Na zaci wa'azin hoton abu mai rai zan sha, tunda yanzu Shari'a ake. Bayan mun gaisa ya ce, "Inuwarka ce ke korarsu, tsuguna ta nan." Na tsuguna, ɗaya ya sauka, na ɗauka.

Ya ce, "In an wanke ka kawo wa mai ɗakina ta gani. Damina uku ƙafa ba ta kawo ta nan ba."

Allah ka sa hoton nan ya fito.