Sussukar Matan Kusasu

Daren Laraba, watan Sha'aban

Ran Litinin da safe na ga allurar injin auna girgizar ƙasa da nake gadi tana rawa. Na leƙa, ashe matan ƙauyen Kusasu ne ke sussukar dawa bisa falalen dutsen da aka girke injin a kai. Da suka huta, allura ta huta.

Yau Dakta mai kula da injin ya zo daga jami'a, ya ga zanen da allurar ta yi, har da tsalle, wai ƙasa ta girgiza, zai rubuta ya zama farfesa. Na gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ya ce, "Kai ɗan aji uku? Gobe ka ajiye makulli."

To, ya rubuta, mai girman kan banza! Ai ina da shaidu: ranar, cikin masu sussukar Inna Talatu ce riƙe da taɓarya, maƙwabcina Baba Audu kuwa yana tsaye kusa da ni.