Sai Na Rubuta Cewa Na Yi Kuskure Za Su Kai Ni Abuja

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka sakaya sunana, kuma ka bar rubutun yadda na turo shi, kar ka rage ko kalma ɗaya, aikina ke nan, na san ɓarnar da almakashin edita ke yi. 'Yan uwa shawara nake nema, don Allah ku ba ni, amma tun yanzu in faɗa, wanda zai zo ya ce mini "ka yi haƙuri kawai" ya adana datarsa, wannan maganar na ji ta a gida har ta ishe ni.

Ni ɗan jarida ne, haifaffen Bungudu, ina zaune a Gusau da matata da 'ya'ya biyu. Shekara bakwai ke nan ina tura wa wata kafar labarai ta Abuja rahoto daga Zamfara. Suna da shafi a intanet, suna kuma da labaran ƙarfe ɗaya na rana da wani gidan rediyo a nan Gusau ke ɗauka kai tsaye, don haka mutane sun fi sanin muryata a kan fuskata. Wanda bai sani ba zai ɗauka wani babban mutum ne ni. To ni ne mai rahoto, ni ne mai hoto, ni ne mai tace murya, ni ne direban kaina a kan babur ɗin da ya haddace duk wani rami tsakanin Gusau da Tsafe. Abokan aikina na Abuja kuwa, na je na gani da idona da aka kira mu bita, kowa da teburinsa, ga sanyin esi har haƙorana na haɗuwa, ga mota na jiran wanda zai fita, akwai wanda aikinsa kawai ya zauna ya rubuta kanun labari. Ban yi musu hassada ba wallahi, amma tun ranar nake rubuta takardar neman a mayar da ni can. Kuma ba don esi ba ne. Babbar 'yata sikila gare ta, ma'aikatan Abuja suna da inshorar lafiya su da iyalinsu, mu na jihohi ko hular kwano ba a taɓa ba mu ba.

Abin da ya faru shi ne, sati uku da suka wuce na je Tsafe da safe yin hira da manoma a kan taki. Ina dawowa wajen sha ɗaya da rabi sai na tarar da haɗari, yanzu-yanzu ya auku, ƙaramar motar haya ta shige ƙarƙashin tirela, ko jami'an kiyaye haɗurra ba su iso ba. Na kafe babur, na ɗauki hoto biyu daga nesa saboda hannu ya saba, sannan na jefa wayar aljihu muka shiga ciro mutane ni da masu gonakin bakin hanya. Mutum huɗu Allah Ya yi wa rasuwa nan take. Da muka juyo da direban motar hayar sai na ga Lawali ne, ɗan unguwarmu a Bungudu, gidansu na bayan masallacin da mahaifina ke salla. Innalillahi. Sauran ukun kuma muka samu sunayensu daga wayoyinsu da katin da ke aljihunsu, biyu 'yan Gusau, ɗaya mutumin Karakkai, kuma ni na rubuta su a takarda saboda ni ne mai biro a wurin.

Na tura wa editana saƙo cewa an yi haɗari a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, mutum huɗu sun rasu, an kai waɗanda suka ji rauni asibiti. Ko minti biyu ba a yi ba ya bugo, ya ce madalla da na riga kowa, in turo hotuna na kusa, in turo sunaye, in kuma karanto su da muryata don a saka a labaran ƙarfe ɗaya. Na ce masa labarin haɗari ga shi nan ya saka, amma sunaye sai an sanar da iyalansu. Ya ce wa zai sanar da su in ba mu ba, ai shi ne aikinmu. Na ce a'a, a nan ba haka ake yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan Bahaushe ne ɗan uwana, ba wai baƙo ba ne da zan tsaya ina yi masa fassara, amma sai da na tsaya a bakin titi, jinin Lawali bai bushe a rigata ba, ina koya masa yadda ake kai wa tsohuwa labarin mutuwar ɗanta.

Ku da kuka tashi a garuruwa irin namu kun sani. Ba a faɗo wa uwa da mutuwa kamar an jefo dutse a kwano. Mata biyu ko uku na maƙwabta za su fara shiga kamar sun zo hira, su zauna kusa da ita. Sai wani dattijo ya yi sallama, ya ce an bugo waya Lawali ya ɗan yi haɗari yana asibiti. A bar ta ta sha wannan. Can a ce jikin fa ya yi tsanani, sai addu'a. Kafin liman ya buɗe baki ya ce sai haƙuri, ta riga ta gane, kuma akwai hannun da zai tare ta idan ta sulale. Mahaifiyar Lawali, Inna Ige, tana da hawan jini, shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta, kuma ni na san ƙarfe ɗaya ba ta wuce ta, rediyonta na rataye a ƙofar ɗaki kullum, in ta gan ni har tsokanata take yi wai na cika sauri kamar ana korata. Wato ni in buɗe baki, da muryar da ta sani tun ina yawo ba wando, in ce mata Lawali ya mutu, tana zaune ita kaɗai tana tsintar shinkafa, daga nan a wuce zuwa labarin farashin man fetur? Wallahi ko shugaban kamfanin ne ya bugo da kansa ba zan yi ba.

Editan ya bugo sau uku, a na ukun har da cewa umarni yake ba ni. Na ce na ji, na kashe kiran, na kira mahaifina ya tashi dattawa. Na samo wanda ya san gidajen 'yan Gusau biyun. Na Karakkai ne ya ba da wuya saboda sabis ya ƙi, sai da aka tashi mai babur takanas. Bayan la'asar aka tabbatar mini duk gida huɗu sun ji, a lokacin na tura sunaye, na kuma wuce Bungudu jana'iza. Kafin nan wani shafin labarai na birni ya riga ya kwashi hotuna daga wayar wani ɗan kallo, ya saka da sunaye, fuskokin bayin Allah a buɗe. Matasan unguwarmu duk sun gani tun azahar, amma babu ko ɗaya da ya shiga ya gaya wa Inna Ige, kowa ya kama bakinsa har dattawa suka gama aikinsu. Matar ɗaya daga cikin 'yan Gusau ɗin ba ta samu wannan gatan ba, a waya ta ci karo da fuskar mijinta, da tsohon ciki, sai a asibiti ta farfaɗo.

Washegari takardar tuhuma ta iso, wai na riƙe bayanan da na tabbatar har awa huɗu, na sa an riga mu, na kuma ƙi bin umarnin na gaba da ni. Aka dakatar da ni sati biyu. Da muka yi magana da editan bai bar komai a cikinsa ba, ni ma ban bari ba. Ya ce matsalarmu 'yan jaridar ƙananan garuruwa ke nan, kowa ɗan uwanmu ne, kowa surukinmu ne, shi ya sa ba ma iya faɗar gaskiya, mun mayar da aikin jarida zaman gaisuwa. Ya ce ban tuna da ɗaruruwan mutanen da 'yan uwansu suka bi hanyar nan a ranar ba, hankalinsu a tashe, da na faɗi suna huɗu da sauran duk sun samu natsuwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya, na juya ta a raina sosai. Kuma zancen ɗan uwa da suruki ma ba duka ne ƙarya ba, na taɓa danne wani labari saboda wanda abin ya shafa surukin yayana ne, har yau ina jin kunyar wannan, da a kansa aka tuhume ni da na sunkuyar da kai na karɓa. Amma a kan Lawali ban danne komai ba, na jinkirta ne, kuma ba shi kaɗai na jinkirta wa ba, har da mutum ukun da ban taɓa gani ba. Wanda hankalinsa ya tashi zai buga wa ɗan uwansa waya ya ji muryarsa ya kwanta, ita kuwa wadda nata ya mutu, yadda ta ji labarin da shi za ta zauna har ƙarshen ranta.

Na ce masa shi in ya saka labari, ya rufe kwamfuta ya shiga mota, babu wanda ya san ƙofar gidansa. Ni in na saka labari da rana, da magariba sahu ɗaya za mu tsaya da wanda na yi labarin a kansa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, babu wanda zai tuna da direban tirela, za a dai ce ɗan gidan Malam wane ne ya kashe Inna Ige da baki. Kuma ko wannan ma a ajiye shi gefe, ko babu mai zagina, ni zuciyata ba ta ba ni ba. Ranar uku na je gaisuwa, ta riƙe hannuna ta ce, "An ce kai ka ɗauko shi, kuma kai ka hana a faɗi. Allah Shi rufa maka asiri yadda ka rufa mani." Ita ke nan maganar da ta yi mini, na fito ina kuka kamar ba namiji ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Shekaranjiya editan ya bugo da murya mai sanyi, har da tambayar jikin yarinya. Ya ce gurbi ya samu a Abuja, kuma shi da kansa ya ba da sunana, don duk da taurin kaina ya san babu wanda ya fi ni sanin yankin nan. Sharaɗi ɗaya manya suka gindaya, in rubuta takarda in ce na yi kuskure a ranar haɗarin, in kuma sa hannu cewa daga yau duk abin da aka tabbatar za a fitar da shi nan take, ba jira. In ban rubuta ba zuwa Litinin, ba Abuja, kuma ko aikin Gusau ɗin ma za su nemi wani.

Matata ta ce in rubuta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi, cewa kawai ta yi ita ce ke riƙe yarinyar nan idan ciwon ya tashi tana ihu ƙasusuwanta, kuma Inna Ige ta riga ta ji mutuwar ɗanta yadda ya kamata, takardata ba za ta mayar da hannun agogo baya ba. Wani abokin aikina ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in sa hannu kawai, takarda ce, in na shiga ciki na yi abin da na ga dama. Mahaifina kuwa ko kallona bai yi ba, ya ce shi bai taɓa jin inda aka nemi gafara a kan an yi daidai ba, amma 'yar tawa ce, in je in yi tunani.

Ni dai har yanzu da nake rubutun nan ban ga kuskuren da na yi ba, kuma gobe in aka sake, haka zan sake yi, ko da za a kore ni sau goma. Na buɗe takardar sau biyar, na rubuta "Ni wane", hannuna ya ƙi gaba. Kuma akwai abin da ban gaya wa matata ba, ku ne na farko da za ku ji. Na tambayi editan wane aiki ne a Abujan, ya ce teburin wakilan jihohi, ni zan riƙa karɓar rahotonsu ina matsa musu su turo da wuri. Ma'ana duk wanda aka ɗauka a madadina a Gusau, ranar da ya tsaya a bakin titi da takardar sunaye a hannunsa, ni ne zan bugo masa in ce turo yanzu, ni da na san gidajen da za a shiga da kuma tsofaffin da ke zaune gaban rediyo.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman 'yan jaridar da ke cikin gidan nan, na birni da na garuruwa irin namu, da iyayen da ke jinyar mai sikila, don su ne suka san abin da nake shirin hana 'yata. In sa hannu a kan ƙarya in kai ta inda za a duba ta, in zama mai wannan kiran? Ko in tsaya a kan bakana, ranar Litinin in shiga gida in kalli uwarta in ce mata na ƙi?