Na Karanta Fayil ɗin Babanki da Ƙarfi

Zuwa ga Malama Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana shiga, kuma kin daina jiri in kin ga jini. Ni lafiya lau, in ban da bayana da ya gaji da sunkuyo a kan tayoyin mutane. Inna tana gaishe ki.

Gara ki ji daga wurina kafin ƙannenki su ƙara gishiri. Kin san kwatar layinmu da mai gidan bulo ya toshe da yashinsa. Ruwan da aka yi kwanan nan ya shiga ɗakin Inna, har katifa ya jiƙa. Muka kai kuka wurin Babanki, tunda shi muka zaɓa kansila, ya ce ana dubawa. Ana dubawa! Su wa ke dubawar, kwaɗi?

To, na gani a jarida cewa kowane ɗan takara sai ya rubuta wa ofishin zaɓe waɗanda suka taimaka masa, kuma kowa yana da ikon zuwa ya duba. Na wanke hannu na tafi. Akawun ya kalle ni kamar na zo aron matarsa. Da ƙyar ya fito da fayil ɗin Babanki, ya ce ba a fita da shi, ba a ɗaukar hoto, a nan kan kanta zan duba a tsaye. Bayana kuwa benci ne cike da masu jiran katin zaɓe.

Kin san ba a aji na koyi karatu ba. A jaridun da ake naɗo kayan gyara na koya, kuma har yau in bakina bai furta ba, idona ba ya ganewa. Ke ma don haka kika sa mini suna Rediyo. Wallahi na ɗauka raɗa nake yi. Kujeru, rumfuna, lasifika, motocin kwasar jama'a, duk na jero su, kowanne da sunan mai gidan bulo a gefensa. Ina ɗago kai na ga duk mutanen bencin ni suke saurare, ga mai shayin bakin layinmu zaune, baki buɗe. Kafin in koma rumfata labari ya riga ni.

Baba ya aiko yayanki ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidanku, kuma su Kawu su dakata da zuwan da za su yi kan maganarmu. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Ki amsa mini ko da zagi ne.

Naki,
Rediyo

*

Zuwa ga Malama Nas,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya fama da malamai? Wasiƙarki ta iso, na gode da zagin, ya yi yawa amma rubutun yana da kyau.

Kin ce me ya hana in same shi a gida in tambaye shi. Na same shi mana, ba sau ɗaya ba, ana dubawa ya ce mini. Kin ce in je in durƙusa. Zan durƙusa don muryata, wadda ta fi ƙarfina. Amma don na karanta? A'a. Ba a aljihunsa na ciro takardar ba. Shi ya sa mata hannu, doka ta ce a ajiye ta don irina, mai faci mai baƙin farce. In ba a so mu gani, me ya sa ake neman yatsanmu ranar zaɓe?

Kada ki ɗauka ina jin daɗi. Jiya mai shayi ya buɗe baki ya kira Baba ɓarawo a gaban jama'a, saura kaɗan in kifa masa tukunyarsa. Na ce masa ni na karanta, ba shi ba, kuma ban ga inda aka rubuta sata ba. Aron kujera aka rubuta. Abin da ke cin raina shi ne kunyar kujerun ce ta ɗaure wa Baba baki, mu kuma muna kwana a ruwa.

Mamarki ta wuce ta gaban rumfata, na tashi na gaishe ta. Ba ta tsaya ba, amma ta amsa, har ta ce in rage rama. Da wannan nake rayuwa yanzu.

Kin rufe wasiƙarki ba ki rubuta "taka" ba. Na duba har bayan takardar.

Naki duk da haka,
Rediyo

*

Zuwa ga Malama Nas,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma kina zaune, don labarin ba na tsaye ba ne.

Baba ya zo rumfata da kansa, yana tura babur, wai tayar baya tana sacewa. Na cire, na tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya babu. Na mayar da ita. Sai ya ce in hau, tunda ni ne gidan rediyon unguwa, ba tashar mutum ɗaya zan riƙa kamawa ba. Ya kai ni ofishin zaɓe, ya sa akawun ya fito da fayil ɗin duk waɗanda suka yi takara da shi, ya ce in karanta da muryar nan dai, kada in rage. So yake jama'a su ji na sauran ya fi nasa muni.

Na soma da na malamin makaranta: kujeru, rumfuna, mai gidan bulo. Na ɗauko na mai kemis: lasifika, motoci, mai gidan bulo. Har wanda ko matarsa ba ta zaɓe shi ba, an ara masa kujerun nan. Benci ya fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ashe duk tsawon lokacin nan ya ɗauka shi kaɗai mutumin ya riƙa, saboda amana da zumunci. Na ga fuskarsa, wallahi sai da na ji tausayinsa.

A hanya sai gunaguni yake ta yi, yana cewa ɗan banza, kujerun ma rabinsu ƙafa uku ne. Washegari ya tsaya da kansa a kan kwatar har aka kwashe yashin. Inna ta shanya katifa.

Da zai tafi ya ce in gaya wa su Kawu su zo. Na durƙusa na ba shi haƙuri kan muryata, ya karɓa. Sai bakin nan nawa ya ƙara da cewa in ya sake tsayawa takara, zan sake zuwa in karanta, ko da ina surukinsa. Ya ce ya sani, shi ya sa zai rubuta da kyau.

Yaushe za a ba ku hutu? Ki gaida ƙawayenki masu karanta wasiƙun nan a bayan idonki.

Naki har kullum,
Rediyo