Lamba Talatin

Litinin, 3 ga Maris
Karo na uku ke nan ina maimaita kwas ɗin ƙididdiga. In na sake faɗuwa, sallamata za a yi daga sashen. Halayyar ɗan Adam na zo karanta don in fahimci mutane, sai ga ni lambobi sun sha mini kai.

Alhamis, 6 ga Maris
Malama ta ce kowa ya raba takardar auna damuwa ga mutum talatin, ya fitar da matsakaicin makinsu. Ashirin da tara na samu. Ta talatin ni na cike ta a benci bayan laburare. Na san an hana. Amma wallahi ban yi ƙarya ko ɗaya a ciki ba.

Talata, 11 ga Maris
Na zana jadawalin. Kowa ya taru tsakanin goma da ashirin, ɗigo ɗaya can gefe shi kaɗai, arba'in da bakwai. Saniyar ware. Na yi dariya, daga baya ta koma kuka.

Laraba, 12 ga Maris
Malama ta ɗora biro a kan ɗigon. "Wannan ne ya ja miki matsakaicin sama. In kuskuren rubutu ne, goge shi, aikinki ya yi kyau. In kuwa mutum ne da gaske, ba a goge mutum. Kawo mini shi."
Na ce zan duba.

Asabar, 15 ga Maris
Umma ta kira, wai ya karatu. Na ce lafiya lau. Ta riga ta gaya wa dangi bana zan gama.

Lahadi, 16 ga Maris
In na ce kuskure ne, na tsira. In na ce ni ce, na karya doka, shekara huɗu ta tafi a banza. Sau biyu na goge layin a kwamfuta, sau biyu na dawo da shi. Na gaji da kaina.

Talata, 18 ga Maris
Na je ofishinta da niyyar cewa kuskure ne. Bakina ya ce, "Malama, ni ce."
Ta cire tabarau. Sifili ta ba ni a aikin, ko kwana-kwana ba ta yi ba. Yanzu sai na ci kusan komai a jarrabawa, ni da ban taɓa haye rabi ba.
Sannan ta rufe ƙofa ta ce, "Tun yaushe kike cikin damuwar nan, 'yata?"
Ba wanda ya taɓa tambayata. Na daɗe ina magana.
Ba wai na ji sauƙi ba ne. Alhamis dai zan koma wurinta.