A Bar Ni Na Sake Ganin Fuskar Inna

Zuwa ga Alhaji Garba, Shugaban ƙungiyarmu ta sa-kai mai wayar da kan mata masu juna biyu a Birnin Kudu da Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Isiyaku mai zane, ɗan Maruta, mai shagon rubuta alluna a Birnin Kudu. Na yi ta sintiri ofis ana ce mini ka fita, shi ya sa na fito fili da wannan wasiƙa, ba don raini ba.

Na farko. Lokacin da ƙungiya ba ta da ko kujera, ka nemi a zana mana tambarin da matar da ba ta karatu za ta gani ta gane. Na zana tsohuwa tana miƙa wa mai jego jariri. Alhaji, ka san ko wace ce tsohuwar nan. Mahaifiyata ce, Inna Dije, ungozomar da ta yanke wa yaran unguwarmu cibi har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Bayan rasuwarta na zana ta da ka, da billenta da wushiryarta, kuma ban taɓa yin zanen da ya fito kamarsa ba.

Na biyu. Ranar da na kawo takardar, na miƙe gaban jama'a na ce na bayar fisabilillahi, Allah Ya kai ladan kabarin Inna. Aka shafa fatiha. Ban ajiye kwafi ba, don wa yake ba da sadaka ya riƙe rabi a aljihu?

Na uku. Bara da masu ba da tallafi suka shigo, aka kai zanen wurin wani mai kwamfuta wai ya gyara. Ya gyara kuwa. Ya goge billen, ya toshe wushiryar, ya wanke mata fata ta koma kamar mai tallar man shafawa, sunana da ke ƙasa ma bai tsira ba. Aka yi wa wannan baƙuwar rajista da sunan ƙungiya. Na ji ciwo ƙwarai, amma na haɗiye. Da na fara zana Inna a bangon shagona, sakatare ya aiko a gaya mini tambari mallakar ƙungiya ne, in goge ko a kai ni gaba. Da hannuna na shafe ta da farin fenti, maƙwabta suna kallo.

Na roƙi a ba ni takardar asali. Aka ce tana cikin durowa a kulle, kayan ofis ce, sai kwamiti ya zauna. Damina ta wuce, an girbe gero an girbe dawa, kwamiti bai zauna ba.

Na huɗu. Na tafi Surko wurin malaminmu na kai kuka. Ya ce ba kyau mutum ya koma ya karɓi sadakar da ya bayar, kada in ɓata wa Inna ladanta. Na tambayi wani lauya, ya ce mai zane yana da haƙƙi, amma shari'a tana da tsawo kuma shaiduna duk 'yan ƙungiya ne. Ko da zan ci, ta yaya zan tsaya gaban alƙali in ce ina neman abin da na ba Allah? Ga ni nan, ba tsuntsu ba tarko. Bakina ne ya ɗaure ni, kuma ba na nadamar niyyar, sai dai ban san sadaka tana haɗawa da fuskar uwa ba.

Don haka ba na neman kuɗi, ba na neman a mayar da sunana. Ku riƙe tambarin, Allah Ya sa ya amfani mata. Roƙona guda ne: a buɗe durowar, a ba ni benci a ofis, a sa mai gadi ya tsaya a kaina idan ana tsoron in gudu da ita, in kalli takardar in kwafa.

Dalilin gaggawata, Alhaji, abin kunya ne amma zan faɗa. Kullum ina wuce allunanku a bakin hanya da ƙofar asibiti. Yanzu idan na ɗauki fensir zan zana Inna, fuskar matar nan ta kwamfuta ce take fitowa. 'Yata Dije, mai sunanta, ta tambaye ni a wane kunci billen kakarta yake, na kasa tunawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa kada ka taɓa neman fuskarsu a zuciyarka ka rasa.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku mai zane,
Birnin Kudu.