Kada Ka Sayar da Gidan Mama Tukuna

Zuwa ga Yayana Cleophus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Delphine da yara. Yaya sanyin Alaska? An ce rana ma rowar fitowa take yi muku yanzu. Mu nan kowa lafiya. Maƙogwaron Kawu Booker ya warke har ya koma waƙa a coci, ko da yake abokan waƙarsa sun ce da ciwon ya ƙara kwana biyu da sun huta. Ni kuma bana na samu aji mai tambayar tsiya, ina jin daɗinsu ƙwarai.

Yaya, maganar gidan Mama ce ta sa na rubuto. Na ji wani Mista Pruitt ya kira ka yana so ya saya, ka ce za ka duba. Da sunanka Mama ta bar gidan, ba mai ja da kai, amma don Allah ka saurare ni kafin ka sa hannu.

Ka san bayan kowace ƙidayar jama'a 'yan majalisar jiha ke sake shata mazaɓu, kuma alƙalamin yana hannun jam'iyya mai rinjaye. Sabuwar taswirar ta fito watan jiya. Na manna ta a allo, tunda abin da nake koyarwa ke nan, na tambayi ɗalibai me suka gani. Wata ta ce ƙadangare ne mota ta take. An tsaga garinmu uku, an jona kowane yanki da ƙauyukan da ba su taɓa zaɓen namu ba. Yanki ɗaya ne kawai za a iya fafatawa, wanda coci da makarantarmu suke ciki, kuma a nan ne ƙanwarmu Vernell za ta tsaya don ta riƙe kujerarta ta majalisa. To, layin ya biyo titinsu sambal, da ya zo gidanta sai ya karkace, ya bi ta bayan gareji, ya dawo kan titi. Maƙwabtanta na dama da na hagu suna ciki, ita tana waje. Doka kuwa ta ce sai mutum ya shekara a cikin mazaɓa kafin zaɓe.

A taron jin ra'ayi, shugaban kwamitin shata mazaɓun ya ce kwamfuta ce ta zana, kuma kogi ta bi. Kawu Booker ya miƙe ya ce shi dai tsawon ransa bai taɓa ganin kogi ya zagaye garejin mutum ba. Vernell dariya ta yi, ta ce ashe har inda take shanya kaya sun sani. Amma na ga idonta, Yaya. Ita kaɗai ta hana a rufe asibitin garin nan bara, kuma masu rinjayen ba su manta ba.

Gidan Mama yana cikin layin. In Vernell ta tare a ciki kafin ƙarshen watan nan, shekararta za ta cika daidai. Sau ɗaya muka yi wannan magana, ranar Lahadi a teburin Kawu, muna cin kaza da dankali. Mako bai zagayo ba Pruitt ya kira ka. Ka duba mana: tun rasuwar Mama gidan yake rufe, rufin yana yoyo, ko mai neman haya bai taɓa leƙowa ba. Me ya gani a ciki yanzu? Wa ya ba shi lambarka?

Lamont, mijin Yvette 'yar Kawu, yana teburin ranar, kuma kwanan nan ya samu kwangilar gyaran titi da ba wanda ya san ta inda ta fito. Na tare shi bayan coci na tambaye shi ko ya san Pruitt. Ya ce, "Malama, ke komai sai kin mai da shi jarrabawa," yana magana yana kallon takalminsa. Ban ce shi ne ba. Kullum ina gaya wa ɗalibaina kada su yanke hukunci ba shaida, ni ma ba zan yanke ba. Amma ban ƙara faɗin komai a teburin nan ba.

Na san gyaran gidan ya dame ka, za mu ɗauke maka shi. Na share ɗakin Mama, na sa bokiti inda ruwa ke ɗiga. Vernell ta ce ko cokali ba za ta shigar ba sai ka ce ta shiga, kuma ta hana ni roƙonka, don haka ba ta san da takardar nan ba. Ni za ka kira, kada ka ba kowa saƙo. Mabuɗin ma na ɗauke shi daga ƙarƙashin tukunyar furen da duk dangi suka sani, yana cikin jakata yana jiran maganarka.

Ka gai da Anti Delphine, da Marcellus da Imani, ka ce ina jiran sakamakon jarrabawarsu. Kawu Booker yana gaishe ka. Ubangiji ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Lorraine