Abin da Na Faɗa a Ofishin Ƙaramar Hukuma

Litinin, 14 ga Janairu, 1985
Malam Maikano, mutumin garinmu, a mota yake kwana tun da masaƙa ta sallame shi. A bakin wani na ji. Shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Laraba, 16 ga Janairu
Na raka shi ofishin ƙaramar hukuma neman ɗakin marasa muhalli. Matar da ke wurin ta ce ƙa'ida biyu ce: ya zama mazaunin Greensboro, garin nan na Turawa da muke zaune, kuma ba shi da mai ɗaukarsa. Ta dube ni, ta ce, "Kai fa?" Dattijo yana zaune a gefena, me zan ce? Na ce ina raye ba zai kwana a waje ba. Ta yi murmushi, ta ce to madalla, ya samu wuri, ba ya cikin masu buƙata.
Bakina ya yanka mana wuya.

Alhamis, 17 ga Janairu
Na shimfiɗa masa a falo.

Litinin, 21 ga Janairu
Mai gidan haya ya gani. Ya ce ɗakin na mutum biyu ne, ni da matata Sa'adiya, ko baƙo ya fita ko mu fita duka. Sa'adiya ga tsohon ciki. Malam ya naɗe bargonsa da kansa, har yana ba ni haƙuri. Sanyin yau ban taɓa ganin irinsa ba.

Laraba, 23 ga Janairu
Mun koma ofishin. Sai na janye maganata a gabansa, in ji matar. Na ce ba zan iya ɗaukarsa ba. Ta ce in ƙara ɗaga murya. Na ɗaga. Malam yana kallon takalminsa. A mota ya ce, "Ba komai, Husaini, ka yi abin da ya kamata." Da ma zagina ya yi.
An sa shi a layi. Babu gado.

Lahadi, 27 ga Janairu
Kunya ta hana ni cin abinci.

Juma'a, 8 ga Fabrairu
Na hango motarsa a titin High Point Road, bayan gidan mai, gilashin duk ya yi raɓa daga ciki. Yana nan ke nan, yana numfashi. Ban tsaya ba, Sa'adiya tana jirana da cefane. Gobe zan je, in Allah ya yarda.
Tuwon yau ya yi daɗi. Har ƙari na yi.